Amsar Goggo kan suyar gyaɗa da yashi

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce kina son ki soya gyaɗar baƙi da kanki kafin Sallah, kuma kina tambaya ko yashin nan da muke sa wa a kasko al'ada ce kawai, tunda ke a Abuja kina da oben a kicin.

Yashi ba camfi ba ne. Ƙwayar gyaɗa mai ce a cikinta, in ta zauna kan ƙarfe mai zafi sai gefe ɗaya ya ƙone, cikin kuma ɗanye. Yashi yana ɗaukar zafi ya rarraba shi ko'ina, kowace ƙwaya ta gasu daidai. Matan Unguwar Rogo da Gangare a nan Jos masu cika kwalabe suna kaiwa kasuwar Taminus, har yau da shi suke yi, don riba ba ta son asara. Sai dai ba kowane yashi ba. Mu nan Jos ba ma ɗebo na bakin tsofaffin ramukan kuza, don ragowar ma'adinai na cikinsa. Ke kuma kada ki kwaso na wurin gini da ya sha siminti. Na rafi ake nema, a wanke, a shanya, a tankaɗe. In bai samu ba, gishiri mai yawa ko garin kwaki yana yin aikin. Oben ma ya yi, amma ki baza ta shimfiɗa ɗaya a faranti, ki riƙa fito da ita kina juyawa.

Inda 'yan yanzu suke kuskure shi ne gishiri. Ba a barbaɗa shi bayan suya, zubewa yake ya taru a gindin kwalba. Tun tana ɗanya za ki zuba ta a ruwan zafi mai gishiri, ta ɗan jima kaɗan, ba har ta kumbura ba, ki tsame ki baza a rana ta bushe. Haka gishirin ke shiga ciki. Kafin ma wannan, ki zauna ki tsince ta da haƙuri. Duk ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna, ki jefar. Wannan fumfunar tana da dafi mai cutar da hanta, kuma wuta ba ta kashe shi. Ƙwaya ɗaya mai ɗaci tana ɓata wa baƙo baki gaba ɗaya.

Wuta kuwa ta gawayi, marar harshe. Hannu ba ya hutawa. In ƙamshi ya fara tashi, ɗauki ɗaya ki murza tsakanin yatsu: ɓawon ya saɓule cikin sauƙi, cikin ya yi launin zuma, to sauke. Kada ki jira ta yi ƙarau a baki tana kan wuta, sai ta huce take yin haka, kuma bayan an sauke tana ci gaba da nuna da zafin jikinta. Ki tace yashin da rariya, ki bar ta ta huce sarai, sannan ki murje ki sheƙe a faifai. In kina son ta yaji, ɗigon man gyaɗa kaɗan, sai garin ƙuli da barkono da citta, ki cakuɗa.

Batun ba baƙo gyaɗa kuma, ai abin gida ne. Ita ce ta gina dalar gyaɗa a Kano zamanin Alhassan Ɗantata, kafin fari da cutar da ta kama gonaki a 1975 su karya nomanta. Gidan da ba shi da halin nama yana da gyaɗa, shi ya sa ake haɗa ta da cincin da dubulan a tire, ake kuma ƙunsa wa matafiyi tsaraba. Ba a miƙa wa babba a tafin hannu, a ɗan kwano ake sawa.

Kwalbar ki wanke ta bushe ƙarau, murfin ya kama sosai, don da damina iska kaɗan ta shiga sai ta yi laushi. Ki fara da rabin mudu ki ga hannunki. Ki gaida maigidan da yara.