Takarda ko tabarma: amsar tambayar Habibu

Habibu, jiya muna dawowa daga kasuwa ka jefo mini tambaya a kan babur, iska ta kwashe rabinta, amma na ji inda ka dosa. Cewa ka yi: "Malam, Alhajin nan da ke son sanin abin da ya hana garin kununsa na leda tafiya a Tawa, mu buga takardar tambayoyi mu bi gida 400, ko mu zauna da mata goma mu yi hira? A jami'a an koya mana duka biyun, amma ni a ganina mai lissafi ita ce bincike, ɗayar taɗi ce kawai."

To, zauna. In ka buga takardar nan yau, me za ka rubuta a ciki? Tsada, ɗanɗano, nisan shago. Duka daga kanka suka fito, kai da ba ka taɓa dama kunu ba. Matar gida za ta zaɓi ɗaya don ta sallame ka, ka dawo da kashi kaza cikin ɗari sun ce tsada, Alhaji ya rage kuɗi, kaya kuma su ci gaba da kwana a shago. Watakila abin da ke ranta shi ne garin ba ya kumbura, ko ba ta yarda da gero da ba ita ta surfa ta wanke ba, ko kuma uwar miji za ta ce ta zama raguwa. Takarda ba ta jin abin da ba a tambaye ta ba. Shi ya sa nake fara shimfiɗa tabarma kafin in buga takarda.

Bari in ba ka labarin kunyar da na sha ina kamar shekarunka. An tura mu wasu ƙauyuka wajen Madawa mu tambayi abin da gida ke kashewa a cefane. Takardar da Faransanci take, kuɗin da sefa. In mace ta ce "ɗari", sai in rubuta 100. Ai ka san ɗari a bakin mutanenmu dala ɗari ce, wato sefa 500, jaka kuma 1,000. Kwana uku ina rubutawa haka. Da aka zuba a kwamfuta, ƙauyukana suka fito sun fi kowa talauci ninki biyar, lissafi kuma tsaf, babu inda ya karkace. Wani dattijo cikin masu duba aikin ne ya kira ni gefe ya ce, "Yaro, tiyar gero nawa ka sayo wa uwarka a kasuwar da ta wuce?" Nan na gane. Na koma na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, da man babur na aljihuna.

Irin wannan ramin da yawa. Ka tambayi mutum "mutum nawa ne a gidanka", gida wane? Katangar da ta kewaye shi da ƙannensa uku da matansu, ko waɗanda ke ci tukunya ɗaya? Ɗansa da ya tafi biɗa Abijan ko Libiya wata takwas, a ciki yake ko a waje? Ka tambayi mace ƴaƴanta nawa, wata za ta tsallake ɗan fari don kunya. Ka tambayi makiyayi shanunsa nawa, har yanzu tsoron jangali da bakin mutane bai bar zuciya ba. Hukumar ƙididdiga ta INS da ke Yamai, wadda ta ƙirga mutanen Nijar a 2012 ta samu miliyan 17 da ɗoriya, sai da ta tsayar da abin da ake nufi da iyali kafin mai ƙirga ya buga sallama ko ɗaya.

Kada kuma ka ɗauka na raina lissafi, da shi nake cin abinci. Mata goma za su gaya maka dalilai, amma ba za su gaya maka ko mace ɗaya cikin biyu ke da wannan dalilin ba ko ɗaya cikin hamsin. Alhaji kuwa da wannan zai yanke ko ya sake injin niƙa. A nan takarda ke shigowa. Gida 400 da aka zaɓa da ƙuri'a, kuskuren amsarsu ba ya cika wuce 5 cikin ɗari sama ko ƙasa. Gida 100, kuskuren ya kai 10. In kana son ya sauka zuwa biyu da rabi, sai gida 1,600: ninki huɗu na wahala don rage rabin kuskure. Amma duk wannan sai in zaɓen ya yi daidai. Ka ga yadda dillali ke sayen albasar Galmi? Ba ya kallon bakin buhu, don ya san manya ake jerawa a can. Hannu yake zurawa ƙasa, ko ya sa a zazzage. Gidajen bakin titi, da waɗanda mai unguwa ya nuna maka, da matan da ka tarar a shagon Alhaji, duk bakin buhu ne. Ko dubu ka tara, bakin buhu ka ƙirga.

Ita ma hirar tana da ƙa'idarta, kuma ta fi gajiyarwa, shi ne abin da ƴan jami'a ba su yarda ba sai sun gwada. A Yamai akwai cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL, tun 2001 aikinsu ke nan: zama a asibiti, a ofis, a ƙauye, su kalla, su saurara, su rubuta bambancin abin da doka ta ce da abin da ake yi. Ba wanda ya isa ya kira wannan taɗi. Hirar awa ɗaya da ka naɗa a waya za ta ci maka yini kafin ka rubuce ta kalma da kalma. Ba ka sa wa mutum magana a baki. In ya yi shiru, kai ma ka yi shiru, sau da yawa bayan shirun ne gaskiya ke fitowa. In ka tara mata wuri ɗaya, lura da wadda kowa ke kallo kafin ya buɗe baki, ka nemi sauran daga baya su kaɗai. Abin da aka ce kuma ka gwada shi da abin da idonka ya gani: ta ce kullum tana saye, leƙa ka ga ko akwai ledar a madafa. Ranar da ka yi hira uku a jere ba ka ji sabon abu ba, ka naɗe tabarma.

Saboda haka gobe ba za mu buga komai ba. Ka je ka sayo garin leda biyar, ka roƙi Hadiza ta raka ka, don ba kowane gida namiji ke shiga ba. Ku fara da unguwarku, ku ba matar gida ta dama a gabanku, kai kuma bakinka alaikum, ka rubuta duk abin da ta ce tun daga yaga ledar. In mun tara kamar goma sha biyar, sai mu zauna mu fitar da tambayoyin da kalmominsu, mu ɗora a KoboCollect, manhajar cika tambayoyi a waya, mu gwada a gida goma tukuna. Layin kuɗi kuma ka raba shi biyu, dala da sefa.