Kada ka ƙara wa daɓe wuta don kawai mai gida yana jin sanyi

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce mai gidan da ka je, wanda ake ɗumama gidansa da ruwan zafi ta ƙarƙashin daɓe, yana kuka, da asuba falo sanyi ƙarara, da la'asar kuma sai ya buɗe tagogi saboda zafi. Ya murza tamostat, wato na'urar saita ɗumin ɗaki, har digiri 26, kai kuma kana tambaya ko ka ƙara wa boila, tukunyar da ke zafafa ruwan, wuta ruwan ya kai digiri 60. A'a, bar boilar nan tukuna.

Ba ƙarancin wuta ke damun gidan ba. Daɓen siminti da bututun ruwa ke binne a cikinsa abu ne mai nauyin jiki. Ka tura masa ruwan zafi yanzu, sai an yi sa'o'i kafin ɗaki ya ji a jikinsa. Ka kashe, zai ci gaba da fitar da abin da ya tara na wasu sa'o'in. Kamar tirela ce maƙil da kaya, ba ta tashi da wuri, birki kuma ba ya tsayar da ita nan take. To duba abin da mutumin nan yake yi: ya tashi da asuba ya ji sanyi, ya murza sama. Zafin da ya nema bai iso ba sai da rana ta take, ga haskenta ya riga ya cika falo ta taga. Sai ya kashe, dare ya yi, daɓe ya huce, gobe a maimaita. Murza tamostat zuwa 26 ba ya sa ɗaki ya yi saurin ɗumi, hana shi tsayawa a inda ya kamata kawai yake yi.

Fara da jadawalin dare. Sau da yawa za ka tarar an saita shi ya sauka digiri 5 ko 6 idan an kwanta, tsarin da ya dace da radiyeta, ƙarfen ɗumama ɗaki da ake kafawa a bango. Daɓe ba ya son haka. Mayar da saukar zuwa digiri 1 ko 2, ko ka soke ta gaba ɗaya, ka ajiye tamostat a 20 ko 21, ka roƙi mai gida ya ɗauke hannunsa.

Ruwan da ke shiga daɓe kuwa, tsakanin digiri 30 da 45 yake so, kuma bawul ɗin da ke gauraya ruwan boila da wanda ya dawo shi ke riƙe wannan. Saman daɓe kada ya wuce 29 a falo da ɗakin kwana, 33 a banɗaki. In katako aka shimfiɗa, tsaya a 27, in ba haka ba ya bushe ya buɗe baki. Cire takalmi ka taka. Idan tafin ƙafarka ya ji zafi sosai, an wuce gona da iri. Daɓen da ke aiki daidai, abin da za ka ji kawai shi ne babu sanyi.

Inda aikin gaske yake shi ne layin da ke haɗa sanyin waje da zafin ruwa, wato saitin da ke cikin na'urar sarrafa zafin ruwan. Akwai sensa a waje, wadda dole ta kasance a bangon da rana ba ta dukansa, nesa da taga da bakin hayaƙin boila. Sanyi ya ƙaru, na'urar ta ɗaga zafin ruwa. Ya lafa, ta sauke. Abu biyu ake saitawa a nan, kuma yara da yawa suna rikita su. Idan gidan yana sanyi ne kawai a ranakun da sanyi ya tsananta, ƙara wa layin tsayuwa, wato yawan zafin da ruwa ke ƙarawa duk lokacin da sanyin waje ya ƙaru. Idan kullum yana ɗan sanyi, ko wane irin yanayi ake ciki, ɗaga layin gaba ɗaya da digiri 1 ko 2. Idan kuma zafi yake yi a ranakun sauƙi amma daidai yake a na tsanani, sauke layin gaba ɗaya, ka ƙara masa tsayuwa kaɗan. Ni a ganina mafi ƙarancin zafin ruwan da zai riƙe gidan shi ne daidai, boila ma ta fi cin mai kaɗan a haka.

In ɗaki ɗaya ne ke sanyi, wannan ba maganar layi ba ce. Buɗe akwatin mararrabar bututu, ka duba 'yan gilasan nan masu nuna lita nawa ke wucewa a minti. Ruwa gajeriyar hanya yake bi, don haka a ɗan matse bawul na gajerun zagayen bututu domin dogayen su samu. Gilashin da bai motsa ba, ko iska ce ta toshe, ko kan bawul ɗin ya maƙale. Ka kuma leƙa ko an shimfiɗa kafet mai kauri.

Abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka rubuta tsohuwar lamba da sabuwa a takarda cikin akwatin, ka ba shi kwana ɗaya ko biyu. Kafin ka taɓa komai ma, auna mini zafin ruwan shiga da na dawowa. Tazarar digiri 5 zuwa 7 nake so in ji. In ta haura 10, ruwan ba ya gudu sosai, famfon za mu fara dubawa.