Na ci shinkafar biki na kwana ina amai da gudawa, me ya same ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Makon jiya na je bikin ƙawata a nan Zariya, aka raba mana soyayyiyar shinkafa da kaza da haɗin salak a roba, an ce tun da hantsi aka dafa. Ban ci a wurin ba, sai bayan sallar isha'i na ɗumama na ci a gida. Kafin sha biyun dare amai ya ce salamu alaikum, daga baya gudawa ta biyo, ciki yana murɗawa kamar ana matse wanki. Maigida ya sayo mini Flagyl da tetracycline a kemis. Washegari da yamma abin ya tsaya, amma na kwana uku ko tsintsiya ban iya ɗagawa ba. Sai da na kwanta na gane gaskiyar masu cewa lafiya uwar jiki. Abin da ya ɗaure mini kai, abincin bai yi tsami ba bai yi wari ba, kuma ƙanwata da ta ci nata tun azahar lafiyarta ƙalau. Har gwaggona tana cewa zuba mini wani abu aka yi. Me ya same ni? Maganin da na sha daidai ne? Yaya zan kiyaye gaba?

Daga wata uwargida, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu Hajiya, Allah ya sa kaffara ne, ya ƙara lafiya.

Ki kwantar wa Gwaggo da hankali. Guba kam kin ci, sai dai ba hannun mutum ne ya zuba ta ba. A cikin robar ta haifu, tsakanin hantsin da aka sauke tukunya da isha'in da kika ci.

Agogo ne ya fi ba da haske a bayaninki. Amai mai ƙarfi da ya taso cikin awa ɗaya zuwa shida bayan cin abinci, ya kuma lafa cikin kwana guda, yana nuna cewa ƙwayoyin cuta sun riga sun zuba dafinsu a cikin abincin tun kafin ya kai baki. Biyu ne suka shahara da wannan aiki. Ta farko sunanta Bacillus cereus, kuma ita da shinkafa tamkar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. A ƙasa take rayuwa, tana maƙale wa ɗanyen hatsi, tana da wani ƙoƙo mai tauri da take ɓuya a ciki wanda tafasa ba ta fasa shi. Shinkafa na fara hucewa sai ta farka ta shiga hayayyafa. Ta biyun ita ce Staphylococcus aureus, wadda ke zaune a hanci da fatar mutane da yawa masu cikakkiyar lafiya. Hanyarta hannu ce: mai yanka kabeji da dafaffen ƙwai, mai yagar kaza bayan an soya, mai cusa abinci a robobi ɗari biyu tana share gumi. Sai da gwajin ragowar abincin ake tantance wacce ce a cikinsu, amma a wajen magani duk tafiyarsu ɗaya.

Waɗannan ƙwayoyin suna walawa ne tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos. Idan yanayi ya yi musu daɗi, kowace ƙwaya tana rabewa biyu duk bayan kamar minti 20, wato ƙwaya guda tana iya haura miliyan biyu cikin awa bakwai. Nan ne bambancinki da ƙanwarki. Tukunya ɗaya kuka ci, amma ita ta ci bayan awa uku ko huɗu, ke kuma bayan kusan awa goma. Kular da ake zuba abincin biki a ciki ba ta taimaka ba. Da farko tana riƙe zafi sosai, amma da an buɗe an rufe sau biyar, abin da ya rage ɗumi ne, ɗumin da ƙwayar cuta take so. Sannan aka ɗora salak mai sanyi da mayonis a kan shinkafa mai ɗumi aka rufe.

Rashin wari ba shaida ba ne. Ƙwayoyin da ke sa abinci tsami da yauƙi daban, masu kwantar da mutum daban, kuma dafin waɗannan biyun ba shi da wari ba shi da ɗanɗano. Ɗumamawar ma ba ta fisshe ki ba, domin wuta tana kashe ƙwayar amma ba ta karya dafin da ta riga ta zuba. Na Bacillus musamman, ko sake soya shinkafar aka yi yana nan daram.

Ba kowace gubar abinci ce ke zuwa da gaggawa haka ba, shi ya sa sau da yawa ake ɗora wa abincin ƙarshe laifin da ba nasa ba. Babbar tukunyar miya ko farfesun da aka bari ta huce a hankali, irin na suna ko na babbar sallah, tana kawo murɗawar ciki da gudawa bayan awa 6 zuwa 24, ba tare da amai sosai ba. Ƙwayar cutar Salmonella ta ƙwan da bai soyu ba da kazar da jikin ƙashinta ke da ja tana ɗaukar awa 6 har zuwa kwana 6, kuma da zazzaɓi take zuwa. Taifot yakan yi mako ɗaya zuwa uku kafin ya bayyana. Kwalara kuwa ba ta ɓuya: zawo ne tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, mai iya ƙarar da babban mutum cikin sa'o'i.

Akwai kuma gubar sinadari, wadda ba a zama da ita a gida ko na minti ɗaya. Waken da aka adana da maganin ƙwari irin su Sniper yana sa dalalar miyau, gumi, ƙanƙancewar ƙwayar ido, rawar tsoka da sarƙewar numfashi. Mutanen Kano ba su manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da gurɓataccen garin ɗan tsami na haɗa lemo ya kwantar da ɗaruruwan mutane da amai da fitsarin jini, wasu suka rasa rayukansu. A irin wannan kada a ɗura wa mutum manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. A ɗauke shi zuwa asibiti tare da ragowar abin da ya ci.

Batun magani kuma, Flagyl da tetracycline ba su ne suka warkar da ke ba. Jikinki ne ya fitar da dafin ta sama da ta ƙasa, lokacinsa ya cika ya tsaya, maganin ya karɓi yabo. Dafi ba abu ne mai rai ba balle a kashe shi. Flagyl yana da aikinsa a kan wasu cututtukan hanji irin su atinin amiba, amma shi kansa yana tayar da zuciya ya bar ɗacin ƙarfe a baki. Tetracycline ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba, saboda yana ɓata haƙora. Akwai ma wani nau'in ƙwayar cutar E. coli mai kawo gudawar jini wanda shan irin waɗannan magunguna ke iya ƙara haɗarin taɓuwar ƙoda. Wannan al'ada ta "ciki ya ɓaci, a sayo Flagyl" tana cikin abubuwan da ke sa magunguna su daina ci ranar da ake buƙatarsu da gaske. Loperamide mai tsayar da gudawa babba zai iya sha idan tafiya ta kama shi dole, amma ban da mai zazzaɓi, ban da mai jini a bayan gida, ban da ƙananan yara. Don ciwon jiki a tsaya a kan farasitamol. Ibuprofen da diclofenac a jikin da ruwa ya ƙare suna wahalar da ƙoda.

Abin da jikinki ya nema a daren nan ruwa ne da gishiri, kuma rashinsu ne ya bar ki kwana uku ba ƙarfi. A wannan ciwo ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 600 a shekara, 420,000 suna mutuwa, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Mafi inganci shi ne garin ORS na kemis. A duba jikin ledar, yawanci a lita ɗaya ake narkar da shi, wato ledar ruwan sha mai santilita 50 guda biyu. Idan dare ya yi babu kemis, a haɗa a gida: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri a shafe. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya wuce na hawaye. Gishiri ya yi yawa haɗari ne ga yaro, sukari ya yi yawa gudawa ta ƙaru, dalilin da ya sa lemon kwalba ba ya maye gurbinsa ke nan. Sukarin nan ba don zaƙi aka sa shi ba. Shi ke jan gishirin ya ratsa bangon hanji, ruwa kuma ya bi gishirin. Abin da ya kwana ya wuni, awa 24, a zubar a haɗa sabo.

Babba ya sha kofi ɗaya ko biyu bayan kowace fita, da duk lokacin da ya ji ƙishi. Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi mililita 50 zuwa 100, mai shekara 2 zuwa 10 kuma 100 zuwa 200. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwankwaɗa, ciki ya dawo da shi nan take a ce ba ya zama. Idan an yi amai a dakata minti 10, a ci gaba da cokali ɗaya duk bayan minti biyu ko uku. Yara a haɗa musu da ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata 6 ba miligiram 10. Mai shayarwa kada ta janye nono.

A tafi asibiti idan an ga jini a bayan gida ko a amai, ko zazzaɓi mai zafi, ko ruwa ya ƙi zama sam, ko an yi awa 8 ba fitsari, ko jiri yana ɗibar mutum in ya miƙe, ko ya fara sambatu, ko gudawa ta wuce kwana 3. A yaro a duba faɗawar ido da maɗiga, kuka ba hawaye, ƙin shan nono, da fatar cikin da in an tsunkula ba ta komawa da sauri. Mai ciki, tsoho, jariri, mai ciwon sukari ko ƙoda, da mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari, su kam kada su jira waɗannan alamu. In da zazzaɓi a yi gwajin maleriya, don ita ma takan zo da amai.

Bayan an tashi ba a horar da ciki da yunwa. A fara da kunu, koko, farar shinkafa sabuwar dafawa, ayaba, romo marar maiƙo, kaɗan-kaɗan. A ɗaga wa yaji da soye-soye ƙafa kwana biyu ko uku. Wasu madara takan ɓata musu ciki na ɗan lokaci bayan gudawa, yakan wuce da kansa. Wanda ya yi ciwon ya bar wa wani girkin gida har sai ya kwana biyu da warkewa in da hali.

Kiyayewa kuma lissafin lokaci ne. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba ba a firji ba, a zafin Maris da Afrilu kuwa awa ɗaya. Wanda za a ajiye a raba shi a faranti ko ƙananan robobi marasa zurfi don ya huce da wuri, saboda tsakiyar babbar tukunya yakan kwana da ɗumi ko a cikin firji. Shinkafar firji a cinye ta washegari, a ɗumama sau ɗaya tak har tururi ya ratsa tsakiyarta. In an ɗauke wuta, firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa 4, bayan nan ya zama kabad. Dabarar iyayenmu ta tafasa miya da dare, a rufe kada a sake sa mata ludayi, a kuma tafasa da safe, tana rage haɗari ƙwarai, amma ba ta ceton shinkafar da ta wuni a roba.

Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyar kaza kada su taɓa kabeji sai an wanke da sabulu. Latas da kabeji da karas a wanke su ganye-ganye da ruwa mai tsafta, domin wasu lambunan bakin gari da ruwan kwata ake ba su. Ruwan gishiri ko binega yana ragewa ne kawai. Masu girkin biki su dafa kashi-kashi maimakon tashi ɗaya da asuba, su yanka salak dab da rabo, su sa shi a robarsa daban, mai gyambo ko ƙurji a yatsa kuma a ba ta wani aikin.

Robar biki in ta zo hannunki, ki ci a wurin tana da zafi, ko ki sa ta a firji da isarki gida in tafiyar ba ta da nisa, ki cire salak ɗin tukuna. Wadda ta wuni a jaka ko a bayan mota zubarwa za a yi. Kada a ce tsoron almubazzaranci a miƙa wa yaran gida ko almajirin da ya yi sallama, domin abin da ya kwantar da ke kwana uku yana iya kai yaro ɗan shekara bakwai gadon asibiti da ƙarin ruwa.