Me Ya Sa Coci-cocin Farko Na Birnin Rum Suka Yi Kama Da Kotu?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce mai karatun zanen gine-gine. A darasin tarihi an nuna mana hotunan tsofaffin coci-coci na birnin Rum, sai na ga ko kaɗan ba su yi kama da haikalin gumakan Rumawa ba, har malaminmu ya ce tsarin kotu suka ɗauka. Ƙyamar gumaka ce kawai ta jawo haka?

AMSA: Barka kadai, 'yata. Ƙyamar gumaka tana ciki, amma ni a ganina babban dalili shi ne wurin da zai ɗauki jama'a.

Haikalin Rumawa ɗakin gunki ne, ba don mutane su taru a ciki aka gina shi ba. Gunkin yana can cikin duhu, bagaden da ake yanka a kai yana waje a gaban matakala, jama'a kuwa suna tsaye a fili suna kallo. Shi ya sa magina suke zuba ƙwarewarsu a fuskar ginin: dogayen ginshiƙai da sassaƙar marmara. Ibadar Kiristoci kuma ta taro ce. Ana karatu, ana wa'azi, ana cin jibi tare, dole kowa ya shigo ƙarƙashin rufi ɗaya ya ji abin da ake faɗa. Ko da an ba su irin wannan haikali kyauta, ba zai ɗauke su ba.

Da farko ma a gidaje suke taruwa. A Dura-Europos da ke gaɓar kogin Furatu a Siriya an tono wani gida da aka mayar wurin ibada wajen shekarar 240 Miladiyya. Bango ɗaya suka rushe, ɗakuna biyu suka zama zaure. Wani ɗakin kuma suka ware don baftisma, da zanen makiyayi ɗauke da tunkiya a kafaɗa. Mai wucewa ta titi gida kawai zai gani. A 303 Sarkin Rum Diyokilishiyan ya ba da umarnin a rushe wuraren ibadar Kiristoci, sai ga shi shekara goma kacal bayan haka, a 313, sarakunan Rum Kustantin da Lisiniyus sun amince a birnin Milan kowa ya yi addininsa. Nan take buƙata ta canza: Sarki Kustantin na son a gina manyan majami'u, kuma da sauri.

Maginan ba su yi nisa wajen neman tsari ba, domin basilika tana nan a dandalin gari. Dogon zaure ne mai kusurwa huɗu inda ake shari'a, ake ƙulla ciniki, ake fakewa daga rana da ruwa. Layukan ginshiƙai sun raba shi: fili babba a tsakiya, ƙananan hanyoyi a gefe. An ɗaga rufin tsakiya sama da na gefen, aka jera tagogi a tazarar, haske na zubowa daga sama. A ƙarshen zauren akwai lungu mai siffar rabin da'ira, kusan kamar mihirabin masallaci amma ya fi shi faɗi nesa ba kusa ba, a nan mahukunta suke zama. Irin wannan ce Basilika Ulpiya da Sarki Tirajan ya gina wajen 112. Ba gunki ne ya mallaki ginin ba, maginan sun san shi ciki da bai, rufin katako kuma ya fi ƙubba sauƙi da saurin gamawa. Kustantin ya fara da cocin Lateran, sannan tsohon cocin Bitrus a tudun Batikan, wanda aka rushe daga baya aka soma na yanzu a 1506.

Gyaran da suka yi ɗan kaɗan ne, amma shi ne ya fi burge ni. A Ulpiya ta dogon gefe ake shiga, kuma lungun biyu ne, ɗaya a kowane ƙarshe, mutum ya nufi inda sabgarsa take. Kiristoci sai suka maido ƙofa gajeren gefe, suka bar lungu ɗaya tak a can gaba, bishop ya zauna inda alƙali yake zama a da, bagade a gabansa. Da kin sa ƙafa, ginshiƙan nan sai su ja idonki har can.

Idan kina son ganin irin wannan coci da ya tsira kusan yadda yake, nemi hotunan cocin Santa Sabina a tudun Abentin na birnin Rum, wanda aka gina tsakanin 422 da 432. Daga waje jan bulo ne zalla, ba wani ado. Ciki kuwa ginshiƙan marmara 24 ne da aka ɗebo daga wani tsohon gini, haske ya cika wurin, a saman ƙofa ga rubutu da harufan zinariya a kan shuɗi. Adon da Rumawa suke yi wa fuskar haikali ya koma ciki, inda mutane suke. Ƙyauren katakon ma na wancan zamani ne, kuma a jikinsa akwai ɗaya daga cikin sassaƙe-sassaƙe mafi tsufa da ke nuna gicciye Yesu bisa imanin Kiristoci.

Kada ki ce ba su taɓa shiga haikali ba. Sun shiga, amma a makare. Haikalin Pantiyon mai ƙubbar kankare da faɗinta ya haura mita 43, wanda aka kammala a zamanin Sarki Hadiriyan, sai a 609 ya zama coci, bayan Sarki Fokas ya ba Fafaroma Bonifas na Huɗu shi. A lokacin bautar gumaka ta daɗe da gushewa a birnin, kuma cikinsa yana da faɗin da zai ɗauki taro, abin da yawancin haikalai ba su da shi.

Tunda zane kike koyo, ɗauki takarda ki zana taswirar Ulpiya da ta Santa Sabina gefe da gefe, ki sa alama a ƙofar kowacce, sannan ki ja layin da mai shiga zai bi.