Fatawa: Zakka a asusun gidauniyar mata, da rabon uwa mai jinya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ce ma'ajin wata ƙaramar gidauniya ta mata a Aboabo, nan Kumasi, kuma yawancinmu 'yan kasuwa ne. Muna saya wa 'yan mata kayan shiga sakandare, muna kuma tallafa wa yara masu naƙasa. Bana wasu alhazai sun ba mu zakkarsu, muka zuba ta asusu ɗaya da sauran gudummawa. Yanzu gardama ta kaure a kan wata baiwar Allah da ta rufe rumfarta a kasuwar Kejetia don ta kula da ɗanta mai shekara 9, wanda ba ya iya zama ko cin abinci da kansa. Wasu sun ce lafiyarta ƙalau, ba ta cancanci zakka ba, yaron kaɗai za a saya wa keke. Akwai kuma 'yar maƙwabciyarmu Kirista da muke son taimaka wa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a abin da kuke tarawa. Bari mu fara da asusun, don can ne gyara yake.

Allah da kansa ya raba zakka a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Kashi takwas ya ambata, bai bar wa sarki ko malami ko kwamiti damar ƙara na tara ba. Sadakar ganin dama kuwa ƙofarta a buɗe take ga kowane alheri. Don haka cuɗa su wuri ɗaya kuskure ne, amma mai gyaruwa. Ku ɗauko littafinku da saƙonnin momo, wato kuɗin da aka turo ta waya, ku fitar da adadin da aka ba ku da sunan zakka, ku ware shi gefe da nasa shafin. In an riga an taɓa shi wajen kuɗin mota, hayar kujeru ko katin waya, a cike gurbin daga sadaka. Ku wakilan masu dukiya ne. Ma'aikatan zakka da ayar ta ba rabo, a wurin malamanmu na Malikiyya, su ne waɗanda shugaba ya naɗa. Saboda haka ba a yanke ladan ma'aji ko sakatariya daga cikinta, ba a zuba ta adashi, ba a kuma riƙe ta wata da watanni alhali masu haƙƙi suna nan cikin unguwa.

Maganar uwar nan ita ta fi tsaya mini a rai. Masu cewa lafiyarta ƙalau suna da abin da suka dogara da shi: hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, cewa mawadaci da ƙaƙƙarfa mai sana'a ba su da rabo a zakka. Amma a lura, ƙarfi da sana'a aka haɗa. Wannan mata ƙarfinta yana nan, sana'ar ce ta kuɓuce mata, kuma ba lalaci ya raba ta da ita ba. Wani aiki ne ya riƙe ta, wanda in ta sake shi rai zai tagayyara. Balle ma a mazhabar Malik an halatta ba wa matalauci zakka ko da yana iya nema, muddin abin hannunsa bai kai masa shekara ba.

Na taɓa shiga irin wannan ɗaki a unguwar Asawase. Na tarar da uwa zaune a tabarma ta jingina yaro da ƙirjinta, hannu ɗaya ta tallafi haɓarsa, ɗayan yana ba shi koko cokali-cokali, tana jira ya haɗiye kafin ta ƙara. Kofi ɗaya ya kusa cinye mata awa guda. A igiyar bakin ƙofa zannuwan shimfiɗa ne jere, wankin asuba bai bushe ba na hantsi ya taru. Wace kasuwa za a ce wa wannan ta tafi? Wa za ta bar wa shi?

Hukunci dai shi ne, idan ba ta da abin da zai ishe ta, kuma babu mawadacin da ciyar da ita ya wajaba a kansa yake kuma yi, to ita miskiniya ce da kanta, ba sai an raɓa ta da ɗanta ba. A ba ta zakka a hannunta, ta zama mallakarta, har abin da zai ishe ta shekara idan asusu zai ɗauka. Kada a kira shi albashin jinya, don zakka ba ladan aiki ba ce, kuma kada a gindaya mata sharaɗin kawo rasit. Idan kuna son ɗaukar wata ta riƙa karɓarta kwana biyu a mako, ta samu ta runtsa ko ta leƙa kasuwa, wannan aiki ne mai kyau ƙwarai, sai dai ladan mai karɓar ya fito daga sadaka.

Ina uban yaron? Ba ki ambace shi ba. Ciyar da ɗa a kan uba yake, kuma ɗan da ya balaga da lalurar da ta hana shi nema, ciyarwarsa ba ta faɗuwa daga wuyan uban. In yana da hali ya yi watsi da su, limamin unguwa da sarkin zango su kira shi. Amma ba a barin uwa da ɗa da yunwa ana jiran ya shiryu. A ba su.

Keken kuwa, hanya mafi tsafta ita ce ku faɗa wa uwar adadin rabon yaron, ta wakilta ku ku saya, domin malamai sun yi saɓani a kan ba da kaya maimakon kuɗin zakka. Sau da yawa ma ita ta fi ku sanin ko keke ake buƙata ko kujera mai tallafe wuya.

Haka 'yan matan makaranta. Tun 2017 aka ɗauke kuɗin sakandare a nan Ghana, amma akwati, katifa, bokiti da takalmi suna nan a kan iyaye, kuma a kan waɗannan yarinya ke zama gida. Wadda iyayenta matalauta ne, halal ne a biya mata daga zakka ta hannun waliyyinta, saboda talaucinta. Wadda ubanta ke da hali ya ƙi don yana ganin karatun mace asara ne, wa'azi yake buƙata. A tuna masa cewa mata sun roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ware musu ranar karatu, ya kuma ware, kamar yadda Buhari ya ruwaito.

'Yar maƙwabciyarku Kirista ku taimaka mata, hankali kwance, daga asusun sadaka. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba, ga kuma haƙƙin maƙwabtaka. Rabon matalauta na zakka ne jumhurin malamai suka keɓe wa Musulmi. Idan mai bayarwa ya ƙayyade inda kuɗinsa zai tafi, a bi sharaɗinsa.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, amma ina ganinsa kullum a WhatsApp da Facebook: hoton yaro kwance, yawu na zuba, an ɗora masa ambulan a ƙirji. Hajiya, kada ku yi wannan. Aya ta 264 ta Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma yaron da ba ya iya cewa a'a ya fi kowa buƙatar a suturta shi. Ku nuna wa masu bayarwa lissafi, ya wadatar.

Sannan ku raka uwar ofishin jin daɗin jama'a na majalisar gundumarku ta Asokore Mampong. Ghana tana da dokar kare masu naƙasa tun 2006, kuma akwai kason da aka ware musu a asusun bai-ɗaya na majalisun gundumomi. Karɓarsa halal ne, haƙƙin yaron ne, ba bara ba. Ɗaya daga cikinku ta zauna da shi ranar, don uwar ta samu ta bi layi.

Wallahu a'alam.