Filin Tambaya da Amsa: Ina 'yan asalin Habasha suka fi zama a gundumar Montgomery ta Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena yana karatu a jihar Maryland ta Amurka, kuma ya shaida mini cewa a gundumar da yake zaune, wato Montgomery, akwai garuruwan da 'yan Habasha suka cika, alhali a wasu garuruwan da ƙyar ake gamuwa da su. Ina so a yi mini bayanin wuraren da suka fi taruwa da kuma dalilin da ya kai su can. Daga Malam Sani, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sani. Ƙanenka ya faɗi gaskiya. Gundumar Montgomery tana manne da birnin Washington daga arewa, hedikwatarta tana Rockville, kuma ƙidayar 2020 ta nuna mazaunanta sun ɗan haura miliyan ɗaya. Yankin Washington da kewayensa shi ne wurin da 'yan asalin Habasha suka fi yawa a duk Amurka, kuma wannan gunduma tana ɗauke da kaso mai tsoka daga cikinsu. Sai dai ba a bazu suke daidai wa daida ba. Sun fi taruwa a kudu maso gabas da gabashin gundumar: Silver Spring ce cibiyarsu, sai Takoma Park da ke maƙwabtaka da ita, sai Wheaton, sannan garuruwan da ke bin babbar hanya mai lamba 29 zuwa arewa, irin su White Oak da Fairland da Burtonsville. A yammaci kuwa, wajen Bethesda da Potomac da Chevy Chase, sun yi ƙaranci ƙwarai.

Ba za a fahimci wannan rabo ba sai an koma cikin Washington, domin daga can tafiyar ta faro. A zamanin Sarki Haile Selassie, wanda ya fara ziyartar Amurka a 1954, mafi yawan 'yan Habashan da ke birnin ɗalibai ne da ma'aikatan jakadanci, kuma da niyyar komawa gida suka zo. A 1974 wani kwamitin sojoji da ake kira Derg ya hamɓarar da sarkin, kashe-kashen siyasa suka biyo baya, hanyar komawa ta toshe wa mutane da yawa. Dokar 'yan gudun hijira ta 1980 ta buɗe ƙofa ga waɗanda suka tsere, da dama daga cikinsu ta hanyar Sudan, sannan dokar shige da fice ta 1990 ta kawo tsarin bizar nan da ake fitarwa ta hanyar ƙuri'a, wanda 'yan Habasha suka ci moriyarsa sosai. Tun 1998 kuma kamfanin jiragen sama na Habasha yake sauka a filin jirgi na Dulles da ke kusa da Washington, abin da ya ƙara mayar da Washington zangon farko na baƙon da ya taso daga Addis Ababa.

Da farko a unguwar Adams Morgan suka kafa gidajen abinci da shagunansu, daga baya suka karkata zuwa unguwar Shaw da titin U. Da kuɗin haya ya hau a waɗannan unguwanni, sai iyalai da 'yan kasuwa suka fara neman wuri mai sauƙi, kuma a nan ne hanya ta yi aikinta. Titin Georgia ya taso daga wajen Jami'ar Howard a tsakiyar Washington, ya miƙe arewa, ya ratsa Silver Spring, ya wuce Wheaton. Layin jirgin ƙasa na cikin gari da ake kira jan layi shi ma yana tsayawa a Takoma da Silver Spring da Wheaton. Mutumin da yake tuƙa tasi ko yake gadin wurin ajiye motoci a tsakiyar birni, waɗanda suna daga cikin sana'o'in da baƙin farko suka fi riƙa, yana iya komawa can da iyalinsa ba tare da ya rasa aikinsa ba, kuma ba tare da ya yi nisa da cocinsa ko masallacinsa ba.

Abu na biyu shi ne irin gidajen da ke kowane ɓangare. Gabashin gundumar yana da benaye masu ɗakunan haya da yawa, waɗanda sabon zuwa zai iya kamawa, yayin da yammacinta ya fi yawan manyan gidaje na mallaka masu tsadar gaske. Na uku kuma, wanda a ganina ya fi sauran ƙarfi, shi ne zumunci. Baƙo yakan sauka a gidan ɗan'uwansa ko ɗan garinsu, shi zai nema masa aiki, shi zai tsaya masa wajen mai gida, kuma idan ya tashi kama nasa ɗakin ba ya son yin nisa. Da mutane suka taru sai kasuwa ta biyo su. A titin Fenton da kewayensa a Silver Spring akwai gidajen abinci da shagunan gahawa da masu sayar da injera, gurasarsu mai ɗan tsami da ake yi da garin tef, wadda Bahaushe zai ga ta yi kama da sinasir. Dangantakar ta kai ga hukuma ma, domin a 2012 gundumar ta ƙulla ƙawance da birnin Gondar na Habasha.

Ya kamata ka sani, Malam Sani, cewa ba duka ne suke zama a inda suka sauka ba. Waɗanda suka samu wadata, da 'ya'yansu da suka zama likitoci da injiniyoyi da ma'aikatan gwamnati, sukan sayi gida a wurare masu nisa kamar Gaithersburg da Germantown, amma cefane da biki da ibada suna dawo da su Silver Spring ko cikin Washington.

Tambaya: Na ga jadawali biyu a kan wannan batu, ɗaya ya sa Silver Spring a gaba, ɗaya kuma ya sa wani ƙaramin gari. Wanne ne daidai? Daga Malama Rabi, Maraɗi.

Amsa: Malama Rabi, mai yiwuwa dukansu daidai ne, abin da suke aunawa ne ya bambanta. Wani jadawalin yana ƙirga yawan mutane, wani kuma yana duba kasonsu cikin ɗari na mazauna garin. Silver Spring tana da mutum kusan 81,000 a ƙidayar 2020, Takoma Park kuwa ba ta kai 18,000 ba, don haka ƙaramin gari yana iya zarce babba a kaso, alhali babban ya ninka shi a yawa.

Akwai kuma matsalar iyaka. Takoma Park da Rockville da Gaithersburg birane ne masu majalisarsu da magajin gari, amma Silver Spring da Wheaton ba su da hukumar gari ta kansu, gunduma ce take gudanar da su kai tsaye, kuma hukumar ƙidaya ce ta shata musu iyaka domin lissafi. Adireshin gidan waya na Silver Spring ya zarce wannan iyaka nesa, har ya haɗa da White Oak da Wheaton, saboda haka mutum zai ce a Silver Spring yake zaune, amma jadawali ya lissafa shi a wani gari.

Alkaluman asali kuma yawanci ba daga ƙidayar gida-gida suke fitowa ba. Suna fitowa ne daga wani bincike na shekara-shekara da ake aika wa gidaje kusan miliyan uku da rabi a faɗin ƙasar, kuma a ƙananan garuruwa sai an haɗa amsoshin shekara 5 kafin a fitar da ƙiyasi. Mutum ne yake rubuta asalinsa da kansa. Wani zai rubuta Habasha, wani ya rubuta sunan ƙabilarsa, kamar Oromo, wani ya ce shi ɗan Afirka ne kawai, wanda aka haifa a Asmara, babban birnin Eritiriya, kafin ƙasar ta samu 'yanci daga Habasha a 1993 kuma yana iya rubuta Habasha ko Eritiriya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ƙungiyoyin 'yan Habasha suka daɗe suna cewa yawansu ya fi abin da hukuma take bugawa. Idan kika sake duba jadawalan nan, ki fara neman shekarun da aka tattara alkaluman, sannan ki ga ko ana maganar waɗanda aka haifa a Habasha ne kaɗai, ko har da 'ya'yansu da aka haifa a Amurka.