Maigidana zai aike ni Galmi lodin albasa, direba ya ce hanya lafiya lau: in tafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni yaron rumfa ne a kasuwar albasa ta Adjen Kotoku da ke gefen Accra a Ghana, ina zaune a unguwar Nima. Shekarata shida da maigidana, bana ya ce ni zan je Galmi ta ƙasar Nijar in tsaya a kan lodi da kaina, saboda kayan da dillali yake turo mana sun fara zuwa da gauraye. Wannan ne karo na farko da ya ba ni amana irin wannan, in na ƙi ban san ko zai sake ba. Mahaifiyata kuwa tun da ta ji maganar abinci ya daina shiga mata. Direban da zan bi ya ce makon jiya ya dawo, ko ƙaya ba ta soke shi ba, duk surutun rediyo ne. Ina da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, amma ba ni da fasfo. In tafi ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, damuwarta tana da tushe. A yadda ka kwatanta shirinka, ba fasfo, ba ka san ta wace hanya motar za ta bi ba, kuma shaidarka ɗaya ce tak, wato bakin direba, kada ka tafi. In an gyara waɗannan ukun, sai mu sake zama.

Da yake kana cikin harkar, ba sai na ba ka labarin juyin mulkin da sojoji suka yi a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023 ba. Ka ga motocin albasa da suka maƙale a iyakar Nijar da Benin bayan ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, ka kuma ga yadda farashin buhu ya tashi a Accra. Abin da nake so ka riƙe daga wancan lokacin shi ne cewa direbobin da suka maƙale, ranar da suka bar gida hanya lafiya lau take. Juyin mulki yakan rufe iyaka cikin dare ɗaya, sararin samaniyar Nijar ma an rufe shi kusan wata guda, daga farkon Agusta zuwa farkon Satumba. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta ci gaba da toshe gadar Gaya da Malanbil daga nata ɓangaren, mutane suka koma tsallaka kogi da kwalekwale.

Rikici kuma iri-iri ne, kada ka zuba su a buhu ɗaya. Zanga-zangar birni, irin wadda aka yi a Lome a Yunin 2025, tana da unguwa, tana da rana, wanda ya zauna a masaukinsa kwana biyu yakan wuce. Juyin mulki yana tsare ka a inda ya same ka, ya cinye guzurinka, ya ruɓar da kaya. Na ukun shi ne 'yan bindiga a kan hanya, kuma shi ne naka. Daga Paga, garin iyakar Ghana da Burkina, zuwa Wagadugu kilomita 160 ne da 'yan kai. Wahalar tana gaba. Tsohuwar hanyar Fadan Gurma da Kancari zuwa Torodi ta ratsa yankin da aka sha dasa nakiya da tare motoci. Wadda manyan motoci suka koma bi, ta Kaya da Dori da Tera, sai da rakiyar soja, kuma ana iya yin makonni ana jiran ayari ya tashi. Su kansu ayarin an sha kai musu hari. Don haka tambayar farko ga direbanka ita ce, ta ina? Ya lissafo maka garuruwan ɗaya bayan ɗaya, da inda ake kwana. Galmi tana gabas, tsakanin Ƙonni da Madawa, kuma wanda ya zagaya ta Najeriya ya shigo ta Illela bai bi hanya ɗaya da wanda ya ratsa jihar Tillaberi ta yammacin Nijar ba, ko da buhunansu a gona ɗaya aka ɗinke.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini rai, wadda ake maimaitawa a kowace tasha daga Nima har Aboabo ta Kumasi: wane ya dawo jiya, ba abin da ya same shi. Ƙanena, wannan magana ta kashe mutane. Wanda ya dawo shi ne ke zaune a benci da kofin shayi yana ba da labari. Wanda bai dawo ba ba ya zuwa tasha, danginsa suna gida suna karɓar gaisuwa, ba ka jin ta bakinsu. Ko a hanya mafi muni, yawancin motoci suna wucewa a yawancin ranaku, shi ya sa har kullum za ka sami wanda zai rantse maka da gaskiyarsa cewa bai ga komai ba. Bai yi ƙarya ba. Abin da ya sani shi ne Larabar da ya wuce, da ƙarfe goma na safe, a mota ta arba'in cikin jerin gwano. Bai san Asabar ɗin da za ka wuce ba. Masu tare hanya ba sa zama wuri ɗaya kamar shingen kwastan, yau suna nan, gobe sun yi kilomita hamsin a kan babura.

Sannan ka duba wa ke magana. Direba in mota ba ta tashi ba, ba shi da kuɗin hanya. Ɗan kamasho a kan kowane fasinja yake ci. Ba na zagin kowa, neman abinci ne, amma mutumin da tuwonsa ya rataya a kan ka ce to, bai kamata ya zama shi kaɗai ne alƙalin hanyarka ba. Ka nemi aƙalla mutum uku da ba su san juna ba: shugabannin ƙungiyar 'yan albasa a kasuwarku, waɗanda su ake fara kira in mota ta ɓace, wani mazaunin can da ba shi da riba a zuwanka, da ofishin jakadancin Ghana na ƙasar da za ka ratsa, tare da duk sanarwar da ma'aikatar harkokin waje ta fitar. Kuma kada ka tambaye su ko hanya lafiya, kowa zai ce alhamdulillahi. Ka ce yaushe aka yi hari na ƙarshe, a tsakanin wane gari da wane gari, kwana nawa ayarin baya ya yi yana jira, ƙarfe nawa ake rufe shinge. Wanda ya kasa amsa waɗannan bai san hanyar ba. Saƙon murya na WhatsApp da ba a san wanda ya yi shi ba, ba rana, ba sunan gari, ka goge shi, ko na tsoratarwa ne ko na kwantar da hankali.

Wannan ruɗin yana da ƙane, wato mu Hausawa ne, Musulmi ne, ƙasar kakanninmu ce, ba ruwanmu da siyasarsu. Nakiyar da aka binne a kwalta ba ta jin Hausa. Mutanen ƙauyukan da ake kashewa a Tillaberi ma salla suke yi, har a cikin masallaci an sha samunsu. A shingen jami'an tsaro kuma, ko na 'yan sa-kai da Burkina ta kafa tun 2020, saurayi baƙo mai kuɗi a ɗaure a ƙugu, ba takarda mai hatimi, ba Faransanci, shi ne ainihin wanda ake saukewa daga mota. Haɗarinka ta fuska biyu yake. Daga nan ne masu cin kasuwar tsoro ke shigowa: wannan ya sayar maka da layar da wai harsashi ba ya huda mai ita, wancan ya ce ba ka buƙatar fasfo, zai tsallakar da kai ta daji a kan babur. A sassan Tillaberi an sha hana hawa babur tun farkon 2020, saboda shi ne abin hawan maharan. Ka yi tunanin yadda soja zai ɗauke ka in ya hango ka a kai da asuba a bayan gari. Mai layar kuma ka ce ya rataya ta ya raka ka, ka ga ko zai hau motar.

Maganar takardu. Mali da Burkina da Nijar sun fita daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025. Sun ce 'yan ƙasashen ECOWAS za su ci gaba da shiga ba biza, amma sun riƙe ikon hana wanda suka ga dama. Ma'ana, Ghana Card ɗinka ya dogara da ra'ayin jami'in da ka tarar. Ka yi fasfo, ka tabbata an buga maka hatimin shiga a kowace iyaka, ka duba da idonka kafin ka koma mota, don rashin hatimin shi ake kama mutum da shi can ciki. Ka riƙe katin allurar shawara na gaske, ba na bayan tasha ba. Ka yi kwafi biyu na kowace takarda, ɗaya a jikinka daban da na asali, ɗaya a hannun Hajiya. Maigidanka ya rubuta maka takardar aike mai sunan dillali da lambarsa, a fassara ta da Faransanci. Na san zirga-zirgar ofis tana gajiyar da mutum, yau a ce ka dawo, gobe a ce na'ura ta tsaya, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kuma gaya wa maigida cewa inshorar mota ta ƙetare iyaka ta ɓarnar da mota ta yi wa wani ce, kuma yawancin inshora suna cire yaƙi da tarzoma da ta'addanci a rubuce. In an ƙone kaya, asararsa ce shi kaɗai.

In duk an cika waɗannan, hanyar kuma ta zama wadda mutum ukun suka amince da ita, to kuɗin kaya kada ya bi jikinka. A tura shi ta hanyar da 'yan kasuwa suka saba, ka karɓa a can. A jikinka kuɗin abinci da masauki na mako biyu fiye da lissafinka, da kuɗin dawowa ta wata hanya daban, a sefa, ƙananan takardu, a rabe wuri uku. In kana shan wani magani kullum, ka ɗauki na ƙarin wata guda. Kafin ka isa Paga ko Aflao ta iyakar Togo ka share wayarka daga bidiyon hare-hare da hotunan sojoji da muhawarar siyasa da ake turowa a zauren WhatsApp, domin ana buɗe waya a shinge, kuma ba za a saurari bayanin cewa turo maka aka yi ba. Kada ka ɗauki hoton shinge, gada ko ayari. Tafiya da rana kawai. Ka sayi layin waya na ƙasar, ka haddace lamba biyu a ka, ku yanke da gida cewa za ka kira safe da yamma, in an yi awa 24 shiru ga wanda za a nema, ga lambar motar, ga sunan direba. Ka kuma yanke tun daga gida abin da zai sa ka juyo: an sa dokar hana fita, an katse intanet, ko an ce ayari ba zai tashi ba sai yadda hali ya yi. Wanda bai yanke wannan a gida ba, a hanya kunya da kuɗin da ya riga ya kashe ne za su yanke masa.

Za a ce maka ajali ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, kuma Sayyidina Umar ya fi mu sanin haka, amma da ya doshi Sham ya ji annoba ta ɓarke, juyawa ya yi da jama'arsa, ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ku iyayen gida kuma ku ji tsoron Allah a kan 'ya'yan mutane. Hanyar da Alhaji ba zai sa ɗan cikinsa a kai ba, bai halatta ya sa ɗan Hajiya ba don buhu ya cika.

Matsalar maigidanka ta gauraye ce, kuma tana da magani daga nan Adjen Kotoku. Ka je masa da shawara a hannu: a sami wakili na biyu mazaunin Galmi ko Ƙonni ta hannun ƙungiya, a biya shi a kan kowane buhu, ya kira ku ta bidiyo ranar lodi ya zazzage buhun da kuka zaɓa da kanku, ɗaya cikin ashirin, a rubuta alamarku a jikin kowanne, a kuma riƙe kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin dillali sai an sauke kaya an tantance. Kai ka riƙe wannan lissafin, ka fara neman fasfo a makon nan, ka je ka gaya wa Hajiya ta ci abinci.